Ku Tambayi Likitan Dabbobi: Farin Magi, Ƙafar Fara da Allurar Kaska

Assalamu alaikum masu karatu. Daga Birnin Kebbi nake gaishe ku, inda zafin bazara ya sa ko akuya ba ta fita sai la'asar ta yi sanyi. Saƙonninku sun taru, mafi yawa a kan mashasshara ta kaji da kumburin ciki na tumaki, kuma za mu zo kansu. Amma wannan makon na ware guda huɗu, domin da na jera su a kan tabarma sai na ga duk hanya ɗaya suka bi, ko da yake masu su ba su san juna ba.

Likita barka da aiki. Ɗana yana aji biyar na sakandare. Ya dawo gida ya ce malaminsu ya gaya musu sinadarin da ke cikin farin magi shi ne ke motsa ƙafar fara da ta kyankyaso. Tun ranar abokiyar zamana ta ce ba za a ƙara sa shi a tukunyar gidan ba, wai abin ƙwari ne. Ni kuwa na barbaɗa shi a bayan randa inda kyankyasai ke taruwa, har kwana uku ban ga gawa ko ɗaya ba. Wa ke da gaskiya? — Wata uwa, Jega

Hajiya, malamin ya faɗi gaskiya. Abokiyar zamanki ta ji gaskiyar ta yi mata muguwar fassara. Ke kuma kin fi su duka, tunda kin gwada.

Sai mun fara raba gardamar kalma. Mu Hausawa abu uku muke kira jijiya: wadda jini ke bi, da agara mai tauri da ke gagarar haƙori a tsire, da kuma fararen zaren nan masu laushi da ke fitowa daga laka suna ratsa nama. Idan kika aiki yaro wurin mahauci ya tsaya ya kalli yadda ake sara gadon bayan rago, zai ga lakar a tsakiyar ƙashi da zarurrukan da ke fita ta gefe. Wannan ta ukun nake nufi duk inda na ce jijiya a yau, wato mai kai saƙo. Fara da kyankyaso da tana da dodon koɗi ba su da ƙashin baya, amma duk suna da ita. Tasu igiyar ma ta ƙasan ciki take bi, ba ta baya ba.

Saƙon da ke gudu a cikinta lantarki ne, kuma don ki gane shi ki tuno noman rani a fadama. Manomin shinkafa yana tayar da inji, ya ƙona mai, ya ɗaga ruwa zuwa hanyar da ta fi fangali tudu. Ruwan yana nan a tare, yana neman inda zai gangara. Da ya sa fartanya ya fasa bakin fangali, ba sai ya tura ba, ruwa da kansa zai kwararo. Haka ƙwayar jijiya da ta tsoka suke. Dare da rana suna ƙona abinci suna fitar da sodiyam, wato rabin abin da ya haɗu ya zama gishirin miya, suna tara shi a waje. Saboda wannan tarin, tsakanin ciki da waje akwai ɗan ƙarfin lantarki, wajen kashi ɗaya cikin ashirin na batirin tocila guda. A jikin fatar ƙwayar kuma akwai ƙofofi a rufe. Aka buɗe su, sodiyam ya afko ciki, lantarkin ya juya, to ƙwaya ta farka ke nan. In tsoka ce sai ta tsuke.

Sai dai jijiya ba ta manne da tsokar da take yi wa umarni. Akwai ɗan gulbi a tsakaninsu, siririn da sai kin tsaga silin gashi gida dubu uku kafin ki kai faɗinsa. Saƙo ya taho a guje ya iso gaɓa, hanya ta ƙare, dole a shiga jirgi kamar mai ƙetare Kwara a Yawuri. A bakin gaɓar jijiya ta tanadi ƙananan ƙulli cike da wani sinadari. Isowar saƙo ke sa ƙullin su fashe, sinadarin ya ƙetare, ya dafe a jikin ƙofofin tsoka, su buɗe. Duk wannan cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. A jikin fara da kyankyaso da ƙuda da ƙaguwa, ɗan aiken da ke ƙetarewa sunansa gulutamet. Farin magi kuwa ba komai ba ne illa gulutamet da aka haɗa da sodiyam aka busar. Kin ga malamin bai yi ƙari ba.

Lokacin da yara suka kamo fara, ko hwara in ji mu na nan yamma, ki karɓi ɗaya ki riƙe ta ta ƙirji ki dubi cinyar baya. Za ki ga zane kamar ƙashin kifi a jikin ɓawon. Wurin da tsoka ta kama ne daga ciki. Kafin ta harba za ta naɗe ƙafar tsaf, ta yi shiru kamar rabin daƙiƙa tana ɗaure baka, sannan ta sake. Wannan babbar tsoka mai miƙe ƙafar, jijiyoyi biyu kacal ke ba ta umarnin tsukewa, ɗaya ta tafiyar hankali, ɗaya ta tsalle da harbi. Dukansu da gulutamet suke magana. Na daɗe ina aikin shanu, inda tsoka guda ke da jijiyoyi ɗaruruwa, amma har yau tsarin ƙafar fara yana ba ni sha'awa saboda rashin almubazzarancinsa.

To me ya hana kyankyasan bayan randa mutuwa? Ɗan aike ba ya aiki sai ya isa ƙofa. Wanda kyankyaso ya lasa cikinsa ya tafi, hanji ya ɗauke shi a matsayin abinci. Jinin ƙwaro ma da ma can yana ɗauke da gulutamet, shi ya sa mahaɗar jijiya da tsoka take a lulluɓe, kuma kewaye da ita akwai masu shara da ke tsotse duk wanda ya yi saura. Ƙofofin su kansu in aka dame su da ƙwanƙwasa ba hutu sai su toshe kunne su daina buɗewa. Kin ciyar da kyankyasai ne kawai, Hajiya.

Game da tukunya, ki gaya wa yayarki ko ƙanwarki, ban san wacce ce babba ba, cewa in za ta kori gulutamet daga gidan sai ta fara da daddawa, domin shi ne sirrin daɗinta. Ta bi da tumatir da busasshen kifi, ta kuma hana jariri nonon uwa, don yana cikinsa da yawa. Wani Bajamushe mai suna Ritthausen ne ya fara ware shi daga alkama a 1866. A 1908 Kikunae Ikeda na Jami'ar Tokyo ya gano shi ne ke ba romon ciyawar teku ɗanɗanonsa, shekara ɗaya bayan haka aka fara sayar da Ajinomoto. Yau daga rogo ko rake ko masara ake yin sa, ta hanyar tsimawa da ƙwayoyin halitta, kusan yadda kalwa ke zama daddawa. Wanda muka ci, hanjinmu ne ke ƙone mafi yawansa, kuma ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke tare na cikin jini. Nata ita ke ƙera abinta. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne sodiyam. In akwai mai hawan jini a gidan, kada a zuba gishiri, a jefa dunƙule uku, sannan a ƙara farin magi a kai. Wannan shawarar likitan mutane ce, na ara.

Malam, ni ɗalibi ne a Aliero, ina karanta ilimin halittu. A darasi an ce mana asetilkolin ne ke tsakanin jijiya da tsoka. Yanzu kuma na ga an ce gulutamet ne a ƙwari. Yaya aka yi aka tabbatar, tunda abu ne da ido ba ya gani? Kuma shi kaɗai ne ke iya buɗe ƙofar? — Ɗalibi, Aliero

Ɗana, darasinku daidai ne, amma na masu ƙashin baya ne. Ni da kai da sa da kaza da kifi, wani ɗan aike mai suna asetilkolin ke umartar tsokarmu, gulutamet kuma shi ne babban mai tayar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A ƙwari sai aka juya riga: asetilkolin ya fi yawa a can tsakiya inda jijiyoyi ke magana da juna, gulutamet ya fita bakin tsoka. Ka riƙe wannan, zai fisshe ka a jarrabawa.

An sha gardama kafin a yarda. A farkon shekarun 1950 wani Bajafane, Takashi Hayashi, ya sa gulutamet a ƙwaƙwalwar kare, kare ya kama farfaɗiya. Wajen 1960 Curtis da Watkins a Ostireliya suka ɗiga shi a kan ƙwayoyin lakar kyanwa ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ya taɓa sai ta farka. Kai ka ce magana ta ƙare. Ina! Wannan nasarar ce ma ta jawo shakka. Masana suka ce abin da ke cikin kowace ƙwaya ta jiki, ake gina nama da shi, kuma yake tayar da kowa ba zaɓe, ba zai zama ɗan aike ba. Mai shela ne a kasuwa, ba manzon da aka aika gida kaza ba. Ƙwaƙwalwar kyanwa kuwa cunkushe take, ba ka iya nuna mahaɗa guda ka ce ga ta.

Marasa ƙashin baya ne suka warware. A 1964 Akira Takeuchi da Noriko Takeuchi suka ɗauki tsokar wani ɗan'uwan ƙaguwa na ruwan daɗi, suka ja bututun gilashi har bakinsa ya fi gashi siranta, suka cika shi da gulutamet. Sai suka riƙa bin zaren tsoka guda suna ɗiga kaɗan-kaɗan, wani bututun kuma yana auna lantarki. Nan shiru, nan shiru, nan kuma sai allura ta yi tsalle. Aka matsa kaɗan, shiru. Da suka duba, wuraren da ke amsawa su ne daidai inda jijiya ta sauka a kan tsokar. Mai shela ba ya zaɓen ƙofa haka. Bayansu Peter Usherwood a Birtaniya ya shafe shekaru yana irin wannan aiki da ƙafar farin dango, irin waɗanda ke cinye mana gero, har ya nuna cewa idan aka tayar da jijiya gulutamet na fitowa cikin ruwan da ke wanke tsokar. A 1976 Lily Jan da mijinta Yuh Nung Jan a Amurka suka tabbatar da haka a tsutsar ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Dodon koɗi da danginsa na teku su ma sun ba da gudummawa, don ƙwayoyin jijiyarsu manya ne. A wani na teku akwai wadda ta kusa milimita guda, ido na ganinta, ana soka mata bututu biyu ba ta mutu ba.

Ko shi kaɗai ke buɗe ƙofar? A'a, yana da dangi, kuma a nan ne labarin ya fi daɗi. Na farko, shi kansa gulutamet iri biyu ne, kamar takalmin dama da na hagu. Kayan da aka yi su da shi ɗaya, amma na jikin halitta, wanda ake yi wa alamar L, shi ke shiga daidai. Ɗayan da ƙyar yake taɓuka wani abu a tsokar fara. Akwai ƙanensa asfatet, wanda ya gaza shi tsawo da gaɓa ɗaya, yana tayar da jijiyoyi da dama amma a tsokar ƙwaro bai kai yayan ba. Kama da wane ba ta wane.

Sauran dangin kuwa daga maganin gargajiya aka samo su, kuma duka maganin tsutsar ciki ne. Mutanen Japan sun daɗe suna ba yara wata jar ciyawar teku don fitar da macijin ciki. A 1953 aka ware sinadarin da ke aikin aka sa masa suna kainik. A wani tsibiri na kudancinsu wata ciyawar suke amfani da ita, daga ita aka fitar da domoik. A ƙasar Sin kuma 'ya'yan wata itaciya mai yaɗo da jan fure ake bayarwa, wadda za ka gan ta a katangar wasu gidaje a nan ƙasar don ado, ita ta ba da kwiskwalik. Da aka zana surarsu sai aka ga kowanne yana ɗauke da gulutamet a cikinsa, amma a sandare, ba ya lanƙwasa. Shi gulutamet na gaskiya kamar igiya yake, yana naɗewa ya dace da ƙofofi iri-iri. Waɗannan kuwa kowanne ya ƙage a siffa ɗaya, don haka ya fi dacewa da ƙofa iri ɗaya, kuma masu shara ba sa iya kwashe shi da sauri. Kwiskwalik ya ninka gulutamet ƙarfi nesa ba kusa ba a tsokar fara da ta ƙaguwa. Kainik bai cika tasiri a wannan tsokar ba, amma a ƙwaƙwalwar ɓera yana tayar da ƙwayoyi har su ƙone. Da irin wannan bambancin aka gane ƙofofin gulutamet ba iri ɗaya ba ne, har aka raɗa wa wasu sunan abin da ke buɗe su.

Kada ka ɗauka abin wasa ne. A 1987 a gabashin Kanada mutane fiye da 100 suka kwanta bayan sun ci wani naman teku mai ɓawo irin ƙumba wanda ya tara domoik, aƙalla uku suka rasu, wasu suka tashi ba sa iya riƙe sabon abu a ka. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya tsinko 'ya'yan furen katanga ya ba yaro.

Abu na ƙarshe da zan ba ka, shi zai kai mu ga tambaya ta gaba. A farkon shekarun 1970 Stuart Cull-Candy da Usherwood suka lura cewa a jikin tsokar fara, nesa da mahaɗa, gulutamet na yin abu biyu masu karo da juna. Wata ƙofar ta shigo da sodiyam, tsoka ta farka. Wata kuma ta shigo da kulorayid, ɗaya rabin na gishiri, wanda ke ƙara kwantar da ƙwaya. A dodon koɗi ma haka: ƙwaya biyu maƙwabta, ɗigo ɗaya, wannan ta tashi waccan ta yi lamo. Ɗan aike ɗaya ne. Abin da zai faru ya danganta da gidan da ya shiga.

Likita, ina kiwon shanu da raguna. Allurar kaska da muke saya, wadda ake yi a ƙarƙashin fata, yaya take kashe kaska da tsutsar ciki amma ba ta kashe sa? Wani ya ce mini ita ce ƙwayar da ake raba mana a ƙauye ta makantar kogi. Kuma me ya sa na yi wa shanuna ita amma da aka yanka ɗaya aka tarar da tsutsa a hanta? — Mai kiwo, Zuru

Alhaji, Allah ya ƙara albarka a garke. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Sinadarin ɗaya ne, aibamektin, sai dai na mutane ƙwaya ce da aka auna don mutum, na dabba kuma ruwa ne da aka haɗa don dabba. Kada a musanya.

Asalinsa ƙasa ce. A shekarun 1970 Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato a Japan yana yawo da 'yan ledoji yana ɗibar ƙasa duk inda ya je, yana rainon ƙwayoyin halittar da ke ciki. Daga wata ƙasa da aka ɗebo kusa da filin wasan golf aka samu wadda ke fitar da abin mamaki. William Campbell na kamfanin Merck a Amurka da abokan aikinsa suka gwada shi a kan ɓeraye masu tsutsa, tsutsa ta ƙare, ɓera na nan garau. Ya shiga kasuwar dabbobi a 1981. A 1987 kamfanin ya fara bayar da na mutane kyauta da sunan Mectizan, wanda ku na ƙasar Zuru kun san shi, kun san sandar nan mai launi-launi da ake tsayar da mutum a jikinta a auna tsawonsa kafin a ƙirga masa ƙwaya. Omura da Campbell sun samu kyautar Nobel a 2015.

Yadda yake aiki kuwa, ka duba amsar da na ba ɗalibin Aliero. Waccan ƙofa ta biyu, mai shigo da kulorayid ta kwantar da jijiya, tana nan a jikin kaska da ƙwarƙwata da ƙwaron ƙazuwa da tsutsotsin ciki masu jiki kamar zare. A ka'ida gulutamet ya buɗe ta, ta rufe nan take. Aibamektin kuwa sai ya shige gefen ƙofar ya tokare ta kamar an sa turmi, ta kasa rufuwa. Jijiya ta kwanta ba tashi. Tsutsa ta kasa haɗiya, ta kasa motsi, hanji ya tafi da ita. Kaska ta kasa tsotso, shi ya sa ba ka ganin ta faɗi a ranar, sai bayan kwana biyu ko uku ka ga ta motse. A 1994 aka gano ƙwayoyin gadon da ke ƙera wannan ƙofa a jikin wata 'yar tsutsar ƙasa, kuma sa da rago da ɗan Adam ba su da irinta sam.

Amma ban ce ba su da mai kama da ita ba. A ƙwaƙwalwa da laka muna da 'yan'uwanta, waɗanda maganin ke iya tokarewa in ya yi yawa. Abin da ke tsare mu shi ne shingen ƙwaƙwalwa, wanda ke da masu gadi da ke tura maganin waje duk lokacin da ya leƙo. Masu gadin suna da iyaka. Wata shekara ana saura mako biyu babbar salla aka kira ni wani gida da magariba. Ɗan tunkiya ne, bai kai kilo 10 ba, kwance a gefen turke, miyau na dalala, idonsa a buɗe amma na kaɗa hannu a gabansa bai ƙifta ba. Na tambayi abin da aka ba shi. Maigidan ya ɗauko kwalba daga saman katanga, ya ce mai shagon da ya saya a wurinsa ya ce a cika sirinji. Sirinjin na mil 5 ne, abin da suke kira si-si biyar. Ka'idar wannan allura, mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari, mil 1 ne ga kowane kilo 50. Ɗan tunkiyar nan kashi ɗaya cikin biyar na mil ya kamace shi, aka ɗirka masa ninki 25. Babu makari. Muka mai da shi inuwa, muna juya shi, ana ɗura masa ruwa da madara a hankali. A rana ta huɗu ya miƙe yana tangaɗi. Ba kowane ke tashi ba.

Tunda na ambaci salla: dabbar da aka yi wa allurar nan ba a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika, galibi fiye da wata guda, kuma ba a yi wa saniyar da ake tatsa don sha. Kada a yi wa kunkuru ko kaɗan, yana kashe shi. Kada a wanke sirinji a tafki, kifi ba ya jure shi. Ko buzuzu yana shan wahala, don maganin na fita a kashin shanu da sauran ƙarfinsa.

Tsutsar hanta kuwa wata kabila ce daban, mai faɗi kamar ganye, wadda shanu ke ɗauka a ciyawar fadama inda ƙananan katantanwa suke. Aibamektin ba ya kama ƙofofinta, haka ma farar tsutsar nan mai gaɓa-gaɓa kamar ɗan madauri. Ba jabu aka sayar maka ba. Akwai kwalaben da aka haɗa da magani na biyu don hanta. Ka je da wadda ka saya wurin malamin dabbobi na yankinku ya karanta maka.

Manoman masara, garin da kuke fesa wa tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016, mai suna emamektin, ɗan gidan su aibamektin ne, ƙofa ɗaya suke tokarewa. Shi kuwa fiya-fiya da ake zubawa a ɗaki har a wake, ta hanyar asetilkolin yake bi, wadda mu da ƙwari muka yi tarayya a kanta. Shi ya sa yake kwantar da gida guda.

Kaka likita, ni 'yar aji shida ce, da wayar babana na rubuto. Na fasa gidan zanzaro a bangon ɗakinmu na ga tsutsotsi a ciki, ba su mutu ba amma ba sa tafiya. Me ya yi musu? — Jikarka, Yawuri

Amaryata, kin fasa wa maƙwabci rumbu, sai ki shirya biyan diyya. Abincin 'ya'yansa ne. Uwar zanzaro takan harbi tsutsa ko gizo-gizo da dafin da ke shanye jiki ba ya kashewa, ta kai ɗakin laka, ta yi ƙwai a kai ta liƙe. Da ta kashe su da sun ruɓe kafin ƙwan ya ƙyanƙyashe. A haka kuwa ɗanta zai fito ya tarar da nama sabo.

Akwai wani ɗan'uwanta da ke haƙa rami a yashi yana farautar ƙudan zuma, ana samunsa a Afirka da Turai. Shi an bincika dafinsa sosai, a 1988 aka fitar da sinadarin daga waɗanda aka kamo a Masar. Dabararsa ita ce yana jira sai gulutamet ya buɗe ƙofar tsoka, sannan ya faɗa cikin ramin ya toshe shi kamar tsumma a bakin tulu. Jijiya na ta aiko da saƙo, ƙofa na buɗewa, babu abin da ke wucewa. Duk yunƙurin da ƙudan zuman ya ƙara yi, ƙarin ƙofofi yake buɗe wa dafin. Manyan gizo-gizon nan masu saƙa faffaɗar yana tsakanin karan dawa su ma suna da irin wannan dafi, shi ya sa fara mai harbi da ƙarfi take yin laƙwas jim kaɗan bayan cizo.

In kin sake samun wani gidan, kada ki fasa duka. Ki ɓalle ɗaki ɗaya a hankali ki juye a murfin kwalba, ki taɓa tsutsa ɗaya da tsinken tsintsiya ta wajen wutsiya, za ki ga ta ɗan motsa. Ki nemi ƙwan, fari ne dogo, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ki rubuto mini nawa kika ƙirga a ɗakin, kuma ki ce ina gaida babanki da ya ba da aron waya.